Jawabi Ga Iyaye Kan Koya Wa Yara Kalmomin Turanci



Hukumar NECO, da aka kafa a 1999, hedkwatarta tana nan Minna, amma maƙwabtaka ba ta ba ɗanka kiredit a Turanci. In ko babu shi, ƙofar jami'a a rufe take.

To, tun yana ƙaramar sakandare za a tashi tsaye. A saya masa ƙamus da littafin rubutu. Kullum kalma 5, a wata 150 ke nan. Ya sa kowace cikin jimla, ya karanta maka bayan Isha'i. Ko ba ka jin Turanci, zauna ka saurara. A nemo masa littattafan Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a garin nan a 1921.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalam.