Sarkin Ingila Da Majalisarsa

Abin da za a ɗan yi magana a kansa yau shi ne zaman da ke tsakanin Sarkin Ingila da Majalisar Dokokin ƙasarsa. Duk wanda ya taɓa aiki a fada ko a ofis ya san akwai abin da a ke rubutawa cikin littafin doka, akwai kuma abin da ba wanda ya rubuta, amma ran da aka taka shi gari ya kan rikice. To, yawancin abin da ke riƙe da sarautar Ingila irin na biyun nan ne.

Gara a fara da ranar buɗe Majalisa a birnin Landan, don a nan ne al'adun su ke fitowa fili. Kafin Sarki ya iso, dogarai su kan shiga ɗakunan da ke ƙarƙashin ginin da fitilu su bincika, domin tunawa da shekarar 1605, sa'ad da Guy Fawkes da abokansa suka jibge albarushi a wurin don su hallaka Sarki James na Farko. A kan kuma kai wakili guda fada, a ajiye shi can kamar jingina har Sarki ya komo gida lafiya. Sarki ya hau gadon sarauta cikin Majalisar Dattawa, sa'an nan a aiki wani babban jami'i, wanda a ke kira Mai Baƙar Sanda, ya kirawo wakilan jama'a daga nasu zauren. Da ya doshi ƙofarsu sai a banko ta a fuskarsa, garam! Sai ya buga da sandarsa sau uku, kana a buɗe masa. Wakilai su taso, suna tafe suna hira, su tsaya daga bakin zaure su ji jawabin Sarki. Jawabin nan kuwa ba Sarki ya tsara shi ba. Gwamnati ke rubutawa, shi kuma ya karanta, ko abin da ke ciki ya yi masa daɗi ko bai yi ba.

Baƙo zai ce wannan wace irin rashin kunya ce, a rufe wa manzon Sarki ƙofa? Amma ruwa ba ya tsami banza. Ran 4 ga Janairu 1642 Sarki Charles na Farko ya zo da kansa, da mutane ɗauke da makamai, ya kutsa cikin Majalisar Wakilai don ya kama mutum biyar da ya ke tuhuma. Ya tarar sun sami labari sun sulale. Ya tambayi Shugaban Majalisa, William Lenthall, inda su ke. Lenthall ya durƙusa da ladabi, ya nuna masa shi bawan Majalisa ne, ba shi da ikon gani ko faɗa sai abin da ta umurce shi. Cikin shekarar nan yaƙi ya tashi tsakanin Sarki da Majalisa, har aka kai ga fille wa Sarkin kai ran 30 ga Janairu 1649. Tun daga ranar da Charles ya yi wannan kutse, ba wani sarki mai ci da ya sake shiga zauren wakilai suna cikin zama.

An komo da sarauta cikin 1660, amma ba a daɗe ba aka sake ɓatawa. James na Biyu ya gudu Faransa cikin 1688, Majalisa ta miƙa gadon ga William da matarsa Mary bisa sharuɗan da aka rubuta cikin 1689. Sarki ba shi da ikon sa haraji sai da yardar Majalisa, ba shi da ikon dakatad da doka, ba zai riƙe soja a lokacin zaman lafiya ba sai ta yarda, kuma ba za a kai wakili gaban shari'a saboda abin da ya faɗa cikin zaure ba. Batun kuɗi ya ƙara daidaita cikin 1760, sa'ad da George na Uku ya bar wa gwamnati kuɗin da gonaki da filayen sarauta ke kawowa, aka yanka masa abin da zai riƙa karɓa kowace shekara. Waɗanda suka san tarihin Baitulmali a ƙasar Hausa, yadda aka raba aljihun sarki da kuɗin hukuma aka sa sarakuna bisa albashi, ba za su rasa gane manufar wannan ba.

Waɗannan su ne rubutattu. Abin da ya fi ban mamaki shi ne ikon da doka ta bar wa Sarki a hannu, al'ada kuma ta hana shi taɓawa. Har wa yau ba wata doka da za ta zama doka sai Sarki ya amince, a kan ma furta amincewar da tsohon Faransanci irin na kakanninsu. Ba ayar da ta ce dole ya amince. Duk da haka rabon da a ƙi tun 1708, sa'ad da Sarauniya Anne ta ƙi wata doka ta ɗaukar mayaƙa a Sikotilan, ita ma bisa shawarar ministocinta ta ƙi. Shekara fiye da 300 ke nan takobin nan na cikin kube.

Haka batun naɗa waziri, watau wanda a ke kira Firayim Minista. A takarda Sarki ke naɗa wanda ya so, ya tuɓe wanda ya so. William na Huɗu ya gwada cikin 1834, ya sallami Lord Melbourne ya kira Sir Robert Peel. Aka yi zaɓe, Peel bai sami rinjaye ba, wakilai suka yi ta ka da shi har ya ajiye aiki cikin Afrilu 1835, Sarki ya haɗiye fushinsa ya sake kiran Melbourne. Daga nan ba sarkin Ingila da ya sake korar wazirinsa a Landan. Wanda ya ke da yawancin wakilai a bayansa, cikin su 650 na yanzu, shi a ke kira fada a ba shi aiki.

Mene ne ya rage wa Sarki ke nan? Wani marubuci, Walter Bagehot, ya amsa cikin littafinsa na 1867, ya ce abu uku ne: a nemi shawararsa, ya ƙarfafa gwiwa, ya kuma yi gargaɗi. Mai gaggawa zai raina su. Amma kowane mako waziri ya kan gana da Sarki su biyu kaɗai, ba magatakarda, ba rubutu, ba kuma mai fitowa ya ba da labari. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi shekara 70 tana irin wannan zama da wazirai 15, tun daga Winston Churchill har Liz Truss, wadda ta naɗa ran 6 ga Satumba 2022, kwana biyu kafin rasuwarta. Waziri ya zo da rinjayen zaɓe na jiya, ya tarad da mai tuna abin da ya faru shekara 40 da suka wuce. In ta ce masa an taɓa gwada wannan ba a ji daɗi ba, yana da ikon ya ƙi ji, amma ba zai ce ba a gaya masa ba.

Al'ada ba a san ƙarfinta sai ran da ta matsa wa mai ita. Cikin 1909 Lloyd George, ministan kuɗi, ya kawo kasafin shekara mai ɗora haraji kan manyan masu filaye. Majalisar Dattawa, wadda yawancinta a lokacin masu filayen ne, kuma gadon kujerunsu suka yi, ta yi watsi da shi, abin da aka daɗe ƙwarai ba a gani ba. Aka yi zaɓe cikin Janairu 1910, gwamnatin Asquith ta komo, kasafin ya wuce. Amma Asquith ya ƙudura sai ya rage ikon Dattawa, kuma ba yadda dokar za ta wuce sai su da kansu sun yarda. Hanya ɗaya ta rage, watau Sarki ya naɗa sababbin dattawa da yawa har su rinjayi na da. A cikin wannan hali Edward na Bakwai ya rasu cikin Mayu 1910, ɗansa George na Biyar ya hau gado bai goge da siyasa ba.

Cikin Nuwamba Asquith ya je masa, ya nemi alkawari a asirce cewa in gwamnati ta sake cin zaɓe Sarki zai yi naɗin. Gaba kura, baya sayaki. In ya yarda, 'yan hamayya su ce ya zama karen farautar gwamnati. In ya ƙi, gwamnati ta sauka, a shiga zaɓe da sunan Sarki a bakin masu yawon neman ƙuri'a. Magatakardansa biyu ma suka rabu, Lord Knollys ya ce a yarda, Sir Arthur Bigge ya ce a ƙi. Sarki ya yarda, ransa ba ya so, ya kuma daɗe yana jin an yi masa dole. Aka yi zaɓe cikin Disamba, Asquith ya komo. Da aka bayyana alkawarin, Dattawa suka ga uwar bari. Ran 10 ga Agusta 1911 suka amince da dokar da ta rage ikonsu, 131 suka yarda, 114 suka ƙi. Ba a naɗa ko mutum guda saboda wannan ba. Daga ranar Dattawa ba su da ikon riƙe dokar kuɗi fiye da wata ɗaya, sauran dokoki kuwa shekara biyu, aka mayad da shi shekara ɗaya cikin 1949.

Ɗansa Edward na Takwas ya gamu da nasa cikin 1936. Ya so auren wata Ba'amurkiya, Wallis Simpson, wadda ta rabu da miji ɗaya tana neman rabuwa da na biyu. Waziri Stanley Baldwin ya gaya masa ƙasa ba za ta karɓa ba. Ya zaɓi matar, ya yi murabus cikin Disamba, bai cika shekara bisa gado ba. Murabus ɗin ma sai da Majalisa ta yi masa doka kana ya tabbata.

To, tun da an ɗaure hannun Sarki haka, nauyi ya koma kan waziri. Wanda ya san ba za a ƙi shawararsa ba, wajibi ne ya kiyaye irin shawarar da zai kai. Cikin Agusta 2019, a na sauran wata biyu wa'adin fitar Birtaniya daga Tarayyar Turai ya cika, Boris Johnson ya ba Sarauniya shawara ta dakatad da zaman Majalisa har mako biyar. Ta amince a fadarta ta Balmoral, yadda al'ada ta tilasta mata. Aka kai ƙara. Ran 24 ga Satumba alƙalai 11 na Kotun Ƙoli, bakinsu ɗaya, suka ce shawarar ta saɓa wa doka, don ta hana Majalisa aikinta ba tare da wani dalili mai ƙarfi ba, dakatarwar kuma kamar ba a yi ta ba. Kashegari wakilai suka koma zaure. Alƙalan waziri suka kama da laifi, amma umurnin da aka soke da sunan Sarauniya ya fita, ga ta tsohuwa mai shekara 93. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne waziri ya jawo wa gidan sarauta.

Irin wannan rigima ta taɓa zuwa gida Nijeriya, kuma a nan ne a ke ganin wahalar ɗauko al'adar wata ƙasa a zuba ta cikin takarda. Daga 1960 zuwa 1963 Elizabeth ita ce Sarauniyar Nijeriya, Gwamnan kowace jiha kuwa wakilinta ne. Tsarin mulkin Jihar Yamma ya ce Gwamna ba zai tuɓe Firimiya ba sai in ya bayyana gare shi cewa yawancin wakilai sun daina goyon bayansa. Ba a faɗi ta yadda zai bayyana ba, don a Ingila kowa ya san a zaure a ke gwada wannan. Cikin Mayu 1962, da jam'iyyar da ke mulki a Ibadan ta dare biyu, wakilai 66 suka sa hannu a wata wasiƙa cewa ba su tare da Firimiya Ladoke Akintola. Gwamna, Sarkin Ife Sir Adesoji Aderemi, ya tuɓe shi bisa wasiƙar nan, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce bai sauka ba, tun da ba a jefa ƙuri'a a zaure ba. Ran da Majalisa ta zauna aka kaure da faɗa, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar Majalisa, sai da 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta ɗora Dakta Majekodunmi ya riƙe jihar.

Kotun Ƙolin Tarayya a Ikko ta ba Akintola gaskiya. Aka ɗaukaka ƙara zuwa ga alƙalan Majalisar Sarauniya a Landan, inda shari'a ke tiƙewa a zamanin. Cikin Mayu 1963 suka juya hukuncin, suka ce abin da aka rubuta shi za a bi, kuma rubutun bai ambaci ƙuri'a ba, al'adar Ingila kuwa ba ta da ikon ƙara wa takardar Nijeriya abin da ba ya ciki. Amma Akintola ya riga ya koma kujerarsa tun Janairu. Majalisar Yamma ta gyara ayar, ta ce sai da ƙuri'a a zaure, ta kuma mayad da gyaran baya har ya shafe hukuncin. Ran 1 ga Oktoba 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Dakta Nnamdi Azikiwe ya tashi daga Gwamna Janar ya zama Shugaban Ƙasa, aka kuma daina kai ƙara Landan.