MAKARANTA ƊAYA, IYAYENGIJI HUƊU

'Yan'uwana talakawa da 'yan kasuwa, yau zancenmu na makaranta ne, kuma zai kai mu har ƙasar Amurka.

A can akwai waɗansu makarantu da su ke kira cata, mu kuwa sai mu ce makarantun yarjejeniya. Da kuɗin haraji a ke riƙe su, ba a biyan ko kwabo, amma ba hukumar ilmi ta gari ke tafiyar da su ba. Waɗansu mutane ne su kan haɗu su nemi izini, a rubuta yarjejeniya tsakaninsu da mai ba da izinin, yawanci ta shekara 5. Su ce: ku sakar mana mara mu koyar yadda mu ka ga dama, in yara ba su iya ba ku ƙwace. Jihar Minisota ce ta fara yin dokar a 1991, aka buɗe makaranta ta fari a 1992. Ya zuwa 2021 yaran da ke cikinsu sun wuce miliyan 3, kuma da yawansu 'ya'yan talakawa ne irinmu.

To, an ce an sakar musu mara, amma ku ƙirga iyayengijinsu. Akwai mai ba da izini, shi ke da ikon sabunta yarjejeniya ko rufe makaranta. Akwai Gwamnatin Jiha mai ba da yawancin kuɗi. Akwai Gwamnatin Tarayya, wadda tun 1965 ta ke ba da taimako domin makarantun da 'ya'yan matalauta su ka yi yawa. Sa'an nan ga ƙungiyoyin da ke duba makaranta su ba ta shaidar inganci. Ko wannensu ya kan ce a kawo masa shirin gyaran makaranta a rubuce, bisa tasa takarda, a kan tasa rana.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane wannan. A ce rumfa ɗaya gare ka, amma littafin lissafi huɗu ka ke riƙe: ɗaya na ubangidan da ya ba ka jari, ɗaya na sarkin kasuwa, ɗaya na mai haraji, ɗaya na dillali. Ko wane littafi da abin da ya ce. Yaushe za ka sayar da kaya? Ran da aka yi hasara, wane littafi za a buɗe?

Haka abin ya ke. A wannan takarda an ce abin da ya fi damun makaranta shi ne karatu, a waccan an ce lissafi, a ta uku an ce fashin yara. Kuɗi kuwa sun bi wata hanya dabam. Babban malami ya zama malamin ofis, dare da rana yana cike takardu. Babbar hukumar ilmi tana da akawuna masu yin wannan aiki, amma ƙaramar makarantar yarjejeniya sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke ɗauke da kome. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Kada ku ce ai takarda ce kawai. A 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar dokar ilmi ta tarayya. Dokar ta ce ko wace jiha ta ware kashi 5 cikin 100 na makarantun da ke karɓar taimakon nan, watau waɗanda su ka fi zama kurar baya, da kuma duk sakandaren da ɗaya cikin uku na ɗalibanta ko fiye ba su kammalawa. Waɗannan tilas a yi musu shirin gyara, kuma tilas a yi shi da malamai da iyayen yara. Makarantar yarjejeniya in ta ci gaba da faɗuwa sai a rufe ta, uwa ta shiga yawon neman wa ɗanta gurbi.

Jihar Kalifoniya ta gwada maganin abin. A 2013 ta sake tsarin rabon kuɗin ilmi, ta ƙara kashi 20 cikin 100 a kan ko wane ɗan matalauci, da yaron da bai iya Turanci ba, da wanda ke hannun riƙo. Ta ce kuma ko wace makarantar yarjejeniya ta rubuta abin da za ta yi da kuɗin, a riƙa sabunta shi ko wace shekara bayan an shawarci iyaye da malamai da ɗalibai. A 2018 aka yi doka cewa wannan shiri ɗaya ya isa ya tsaya a madadin wanda tarayya ke nema, muddin ya cika sharuɗɗanta. Littafi biyu sun koma ɗaya ke nan. Lalle wannan dabara ce mai kyau, na yaba.

Amma fa a yi hankali. A 2019 mai binciken kuɗi na jihar ya duba manyan hukumomin ilmi 3 masu cike irin wannan takarda, ya tarar ba a iya bin sawun kuɗin nan na 'ya'yan matalauta a tabbatar kansu aka kashe. Ba makarantun yarjejeniya ya duba ba, amma takardar iri ɗaya ce. Wani shirin ma ya kan wuce shafi 100. Wace uwa ce za ta taso daga aiki ta karanta shafi 100? Babban buhu ya fi daɗin ɓoye tsakuwa.

Sabo da haka ni a ganina haɗa takardu kaɗai bai isa ba. A zaɓi abu biyu ko uku da ke damun yara da gaske. A gaban ko wanne a rubuta dala nawa aka ware, da wanda aka ɗora wa aikin, da watan da za a zo a auna. Wannan shafi shi za a kai wa mai ba da izini, shi za a kai wa jiha da tarayya, shi kuma za a karanta wa iyaye a taro, cikin harshen da su ke ji a gida.