Bututun Gas na Sahara: Wa Za a Ƙirga Kafin a Fara Haƙa?

Maganata a yau a kan bututun iskar gas ne da ake shirin shimfiɗawa daga Najeriya, ya ratsa Nijar, ya ƙare a Aljeriya, da kuma nazarin muhalli da doka ta ce sai an yi kafin a sa diga a ƙasa.

Aikin ya daɗe a bakin hukumomi. Tun 2002 kamfanin NNPC da Sonatrach na Aljeriya suka sa hannu a takardar fahimtar juna. A watan Yulin 2009 ƙasashen uku suka ƙulla yarjejeniya a Abuja, a 2022 suka sabunta alkawari a birnin Aljas, sannan a Fabrairun 2025 suka ba kamfanin Penspen na Ingila aikin sake duba yiwuwar shirin. Tsawon bututun ya haura kilomita 4,000, daga yankin Warri zuwa Hassi R'Mel, kuma ana so ya riƙa ɗaukar gas har kubik mita biliyan 30 a shekara, akasari domin kasuwar Turai. Ƙafarsa ta farko a Arewa ita ce bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da gininsa a 2020.

Ni ba na cikin masu cewa kada a yi. Duk wanda ya ga masaƙun Kakuri a rufe, ya ga masana'antun Sharaɗa da Bompai suna ƙona dizal domin su rayu, ya ga motocin itace da gawayi suna kwararowa birane kullum, ya san Arewa na buƙatar gas. Damuwata ita ce yadda muke yin nazarin muhalli, domin a nan ne ake yanke wanda zai ci riba da wanda zai ɗauki asara.

Doka kam akwai ta. Najeriya na da Doka ta 86 ta 1992, wadda ta wajabta nazari kafin babban aiki irin wannan. Nijar na da dokarta ta 2018 da hukumar da ke tantance rahotanni. A tsarin Najeriya, idan an gama rahoto ana ajiye shi kwana 21 na aiki a ofisoshin ma'aikatar muhalli da sakatariyar ƙaramar hukuma domin jama'a su duba. To amma wace jama'a? Rahoton kundi ne mai ɗaruruwan shafuka da Turanci, na Nijar kuma da Faransanci. Manomin da bututun zai tsaga gonarsa biyu ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. A takarda an tuntuɓe shi. A zahiri ranar da ya ga ma'auna suna kafa turaku a gonarsa, ranar ya ji labari.

Wannan ba zato ba ne, an riga an gani. Bututun Gas na Afirka ta Yamma, mai kilomita 678, ya tashi daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, kuma Bankin Duniya ya tsaya masa. An yi masa nazarin muhalli, an rubuta tsarin biyan diyya, komai ya cika a takarda. A 2006 mutanen ƙauyukan yankin Badagry suka kai kuka ga kwamitin bincike na bankin. Da kwamitin ya fitar da rahotonsa a 2008, sai ya gano cewa diyyar filaye da aka biya kusan kashi ɗaya ce cikin goma na abin da tsarin ya tanada, kuma alkawarin da aka yi ta yaɗawa cewa bututun zai rage ƙona gas a Neja Delta ya wuce abin da aikin zai iya. Daga baya an ƙara wa mutanen kuɗi. Amma ku lura, sun samu haƙƙinsu ne domin akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa a wajen ƙasarsu. Idan masu ba da bashin bututun Sahara ba su da irin wannan ƙofa, ina manomin Damagaram zai kai kukansa?

Mu ɗauki bishiya. Bututu na buƙatar a share masa hanya mai faɗin mita da dama, kuma bayan an binne shi ba a barin itace mai dogon saiwa ya sake tsayawa a kansa. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa rainon tohon da ke fitowa a gonakinsu, har suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo guda a gonar gero taki ne, inuwa ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai ƙiyasin da ya zo ya yi masa kuɗin itacen girki ya zalunci mai gonar, ko da kuwa ya bi jadawalin gwamnati sau da ƙafa. A ɓangaren Najeriya Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ƙara tsananta lamarin, domin ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta fi karkata ga amfanin gona da gini, ba ga ƙasar kanta ba.

Manomi ma da sauƙi, tunda yana da gona da dagaci da zai shaide shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne makiyayi. Duk hanyar da aka zaɓa daga Kano zuwa iyakar Aljeriya, dole ta bar ƙasar noma ta shiga ƙasar kiwo, ta ratsa jihar Agadas. Fulani da Buzaye suna hawa arewa da damina, wasu har Ingal domin gishirin ƙasa, su gangaro kudu bayan kaka. Masu nazari sukan zo sau ɗaya ko sau biyu, su ƙirga wanda suka tarar. Wanda ya zo da rani zai ga fili fetal ya rubuta cewa babu kowa, alhali wata huɗu baya shanu da raƙuma ne maƙil a wurin. Rami mai tsawon kilomitoci da aka bari a buɗe yana datse burtali. Idan burtali ya toshe, garke gona zai faɗa, kuma duk wanda ke zauren nan ya san abin da ke biyo baya. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙi ne. Nazarin da bai zauna da arɗo ba, bai zana burtali da mashaya a taswirarsa ba, bai cika sharaɗin wannan doka ba.

Sai ruwa. Kafin a saki gas, ana cika bututu da ruwa a matsa shi domin gwada ƙarfinsa. Bututu mai faɗin inci 40 yana shan fiye da lita 700,000 a kowace kilomita. Gaskiya ne ana iya tura ruwan daga sashe zuwa sashe, amma dole rahoto ya faɗi rijiyar da za a ɗebo shi da inda za a zubar da shi, musamman a ƙasar da mutum da dabba ke layi a bakin rijiya ɗaya. Haka ma yoyon iskar metan daga tashoshin tura gas, wadda cikin shekara 20 ɗumama duniyar da take yi ya ninka na hayaƙin kabon fiye da sau 80.

Babban giɓin shi ne kowace ƙasa nata yankin take dubawa. Garken da ya yi damina a Nijar shi ne zai yi rani a Jigawa ko Katsina, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma bai tsaya a kan iyaka ba. A 2010, a shari'ar Ajantina da Urugwai, Kotun Duniya ta ce wajibi ne ƙasa ta yi nazari idan aikinta na iya cutar da maƙwabciya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a 2025 ta rage zaurukan da ake haɗuwa, don haka sai a rubuta haɗin gwiwar a cikin yarjejeniyar bututun kanta.

Abin da nake roƙo shi ne a yi nazari guda na ƙasashen uku kafin a tsayar da hanya, a bi shekara cur da damina da rani, a taƙaita shi da Hausa da Fulatanci da Buzanci a karanta a rediyo, a kuma buɗe ofishin ƙorafi wanda ba kamfanin ke riƙe da shi ba. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram da Agadas suna da masana ƙasa da tsirrai da kiwo da za su iya fara zana taswirar burtali tun yanzu. Iyayenmu sarakuna kuma, idan ma'auna suka iso ƙasarku, ku nemi a nuna muku rahoton da taswirar kafin ku sa hannu a komai.