Jawabin Wata: Mai Shan Maganin Ƙarfafa Ƙashi Ya Kula Da Haƙoransa

An shirya wannan jawabi ne domin malaman azuzuwan yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibai, maza da mata.

Jawabin wannan wata ya shafi dattawa, musamman iyaye mata, da duk mai jinyar tsoho a gida.

Ƙashin ɗan Adam kamar katangar ƙasa yake. Damina tana zaizaye katanga, mai gida yana yi mata yaɓe. Haka jiki yake rushe tsohon ƙashi yana gina sabo. Idan shekaru suka ja, rushewa takan fi gini yawa. Sai ƙashi ya yi rauni, har 'yar faɗuwa kaɗan ta karya ƙugu ko hannu. Wannan ya fi samun mata bayan jinin al'ada ya ɗauke musu.

Akwai magungunan da likita yakan rubuta domin rage wannan zaizaya. Akwai ƙwaya mai suna alendronate, wadda aka fara ba jama'a a Amurka a 1995. Yawanci sau ɗaya ake shan ta a mako. Akwai zoledronate da ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara. Akwai kuma allurar denosumab ta duk wata 6. Masu ciwon daji da ya kama ƙashi ma akan ba su irin waɗannan, amma da yawa kuma a kai a kai.

Magungunan suna da amfani, sun hana mutane da yawa karaya. Amma akwai abin lura.

Me Ya Haɗa Su Da Haƙori?

Haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi yake dashe. Idan an cire shi, rami yakan rage a ƙashin, jiki ya cike shi a hankali. To, maganin da ya rage rushewa yakan rage saurin gyara. A jikin wasu mutane ramin ba ya rufewa. Ƙashin yakan zauna a buɗe, ƙwayoyin cuta na baki su shige shi, wani sashe nasa ya mutu. A 2003 ne likitoci a Amurka suka fara bayyana wannan matsala. Ta fi kama muƙamuƙin ƙasa, kuma warkar da ita yana da wuya.

Kada hankali ya tashi. Ga mai shan ƙwaya saboda raunin ƙashi, abin ba ya cika faruwa ba. Masu ciwon daji da ake yi wa allura a kai a kai su suka fi shiga haɗari. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai shan taba, da mai ciwon suga, da mai ciwon dasashi, da wanda ya daɗe yana shan prednisolone.

Kafin A Fara Magani

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Mutum ya je wurin likitan haƙori a babban asibiti a duba bakinsa. Mai kogo a cike shi. Wanda ya ruɓe a cire shi, a bar wurin ya warke, sannan a fara maganin.

Bayan An Fara

1. Kada a yarda mai cire haƙori na kasuwa ko wanzami ya taɓa bakin. Kuɗinsa kaɗan ne, amma bai san me ke cikin ƙashin ba.

2. A gaya wa likitan haƙori sunan maganin kafin ya fara aiki. Ko an daina sha a faɗa, domin alendronate da zoledronate sukan yi shekaru a cikin ƙashi.

3. A wanke baki safe da dare da buroshi mai laushi da man goge baki. Mai asuwaki ya tauna bakinsa ya yi laushi, kada ya ji wa dasashi ciwo. Bayan cin goro ko alewa a kurkure baki.

4. Haƙorin roba idan yana gurzar dasashi, a kai a gyara.

5. Ƙwayar alendronate ba a tsotsa, ba a taunawa, domin tana ƙona baki. A haɗiye ta da cikakken kofin ruwa da safe kafin a ci komai. Kada a kwanta ko a karya kumallo sai bayan minti 30.

6. Kada a daina magani don tsoro. Wanda ya bar allurar denosumab ba da sanin likita ba, ƙashin bayansa yana iya karyewa.

Alamun Da Ba A Zama Da Su

Ciwo ko kumburi a muƙamuƙi. Mugunya ko warin baki da ya ƙi tafiya. Haƙori ya fara girgiɗi haka kawai. Leɓe ko haɓa ya mace. Gurbin haƙori ya ƙi rufewa, ko a ga farin ƙashi a ciki. Likitoci sukan tabbatar da cutar idan ƙashi ya wuce mako 8 a buɗe, amma kada a jira. Da an ga alama sai asibiti.

A nan ne karatu yake da rana. Tsohuwa ba lallai ta riƙe sunan maganinta ba. Ɗalibin da ya iya baƙi ya duba kwalin, ya rubuta sunan da ranar da aka fara a takarda. A ajiye takardar tare da katin asibiti, a tafi da ita duk ranar ganin likita.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.