Jawabi a Kan Kafa Lambun Makaranta da Hanyar Ƙafa a Tsohon Wurin Shan Iska



A manyan garuruwan ƙasar nan akwai tsofaffin lambunan shan iska waɗanda aka kafa tun zamanin Turawa. Waɗansu suna nan da ransu, waɗansu kuwa ciyawa da shara sun cinye su. Sau da yawa makarantun da ke maƙwabtaka da irin waɗannan wurare ba su da filin noma ko na taku goma, shi ya sa akan kawo shawarar a yanka musu wani sashe su yi lambu, a kuma shimfiɗa hanyar ƙafa da za ta kai yara can. Shawarar tana da kyau, amma akwai abin lura a cikinta, kuma labarin wani lambu na birnin Niyok, a ƙasar Amurka, zai bayyana shi.

A shekarar 1902 wata mata mai suna Fannie Griscom Parsons ta sami izinin hukumar birnin ta yi amfani da wani kango kusa da Kogin Hudson, a wata unguwar talakawa mai cunkoso. An riga an ware filin domin wurin shan iska, amma ba a fara aiki ba, sai juji kawai. Ta sa aka kwashe sharar, aka kawo ƙasa mai kyau, aka yanka fangali-fangali, daga baya aka tsayar da girman kowane ɗaya ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo. Kowane yaro da nasa. Yaran da ba su taɓa ganin inda abinci ke fitowa ba suka shuka masara da wake da latas, suka girbe, suka kai wa iyayensu. Da aka gama gina wurin shan iskan, wanda aka sa wa sunan DeWitt Clinton, tsohon gwamnan jihar, sai aka bar gonar yaran a cikinsa, kuma aka yi koyi da ita a waɗansu unguwannin birnin.

Shekara 30 gonar tana aiki. A 1932 aka yanke gefen yamma na wurin domin gina wani babban titin mota a kan ginshiƙai, gonar yara ta tafi a ciki. Titin kuma bai dawwama ba: a watan Disamba na 1973 wani sashensa ya rufta, aka rufe shi, daga baya aka rushe. Gonar ba ta komo ba.

To, abu na farko ke nan. Lambun da ya dogara ga kirkin wani jami'i ko ƙwazon wani hedimasta, ranar da aka yi musu canjin wurin aiki ya zama maraya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, saboda haka wajibi ne a sami takarda daga hukumar da ke riƙe da wurin, a auna iyakar lambun, a rubuta sunan makarantar da adadin shekarun da aka ba ta. Alkawarin baka ba ya tsayar da katafila.

Sa'an nan sai a tuna cewa lambun baƙo ne, tsohon wurin shi ne mai gida. Misali, a lambun da ke bakin Kogin Kaduna, wanda aka fi sani da Gamji, akwai gadar Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954, kuma tana cikin kayan tarihin da doka ta kare. Duk inda akwai irin wannan abu, ba a haƙa rami ko a zuba siminti kusa da shi sai da yardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. A nemi sashen da ba kowa, mai samun rana sosai, nesa da tsofaffin gine-gine. In an taɓa zuba shara a wurin, a kai ƙasarsa a gwada tukuna, don kada yara su ci ganyen da ya sha dalma.

Hanyar ƙafa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ce ta fi yin ɓarna in an kuskure. Mutane da yawa suna tsammani saiwar itace ƙasa take nutsawa kurum. Ba haka ba ne. Galibin saiwoyin da ke shan ruwa suna kusa da saman ƙasa, kuma sukan miƙe har su wuce iyakar inuwar itacen. Ɗan kwangila ya zo da injin haƙa, ya tsaga hanya miƙaƙƙiya a gindin tsohon maɗaci, ya daddatse saiwoyi, ya danne ƙasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Itacen ba zai mutu a shekarar ba. Sai bayan damina uku ko huɗu a ga rassa suna bushewa, a ce tsufa ne. Hanya ita ya kamata ta kauce wa itace, ko da za ta yi lanƙwasa. A yi ta da tsakuwa ko bulo wanda ruwa ke ratsawa, a ɗan karkata ta don kada ruwan sama ya kwanta, a ba ta faɗin da baro da mutum za su gitta, a kuma bar ta ba matakala saboda tsofaffi da masu keken guragu. Kafin a ja igiya, a dubi turbar da ƙafafun jama'a suka riga suka fitar a cikin ciyawa. Nan ne za su ci gaba da bi, ko an so ko an ƙi.

Game da abin shukawa ba sai an tsawaita ba. Alayyafo da yakuwa da kuɓewa da wake sun isa, domin duk suna ba da amfani kafin zangon karatu ya ƙare. A kafa jujin takin gargajiya a kusurwa, a rufe bakin rijiya.

Saura maganar hutu. Lokacin shirin ciyar da ƙasa na 1976 an umarci makarantu su yi gonaki, kuma matsalar da ke damun irin wannan gona har gobe ita ce babban hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi. Tun kafin a rufe makaranta, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna da mai gadin lambun da mai unguwa, a rubuta sunayen yaran da ke kusa, a raba musu ranakun zuwa, a faɗi wanda zai riƙe mabuɗi da wanda zai sami rabon girbin hutu.