Daɗin Bakin Banki da Abin da Ke Cikin Takarda



Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka. Ta yi umarni a rubuta shi, ta kuma ɗora shiftar a kan wanda ake bi. A banki kuwa takarda an riga an buga ta da Faransanci, manomin albasa ya dangwala yatsa, abin da ya sani kawai shi ne abin da aka gaya masa da Hausa: tallafi ne, ruwan kaɗan ne, 2 bisa 100 a wata. Mu yi lissafi. A kan jika 500, jika 10 ke nan kowane wata, jika 120 a shekara, ban da kuɗin takardu da tarar jinkiri. Malamanmu na Malikiyya ba su saɓa ba: rance in ya jawo wa mai bayarwa ƙarin da aka sharɗanta, riba ce, ko da wane suna aka kira ta.

Wanda ya fi ba mu tausayi mai lamuni ne. A ce masa shaida kawai zai yi, alhali sa hannunsa na nufin in ƙanensa ya tafi cirani Abijan bai aiko ba, shi za a bi.

Ko an ce muku murabaha ce, ku tambaya: shin bankin ya mallaki injin ban-ruwan kafin ya sayar muku? Ku ɗauko takardar gida, wanda ya iya Faransanci ya karanta muku ita har ƙananan rubutun ƙasa.