Jawabi Kan Haɗa Mataimakin Rubuta Manhaja Da Injin Zana Hoto



An nemi in yi tsokaci kan wani salon aiki da masu rubuta manhaja suka runguma. A shekarar 2021 GitHub Copilot ya fito, mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa mutum umarnin kwamfuta. A 2022 kuma aka saki Stable Diffusion, injin da ake siffanta masa abu da kalmomi ya zana shi. Da fari kowanne da aikinsa. A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP, wadda ta sauƙaƙa haɗa irin waɗannan na'urori, ta yadda mataimakin zai aika buƙata, ya karɓi hoton, ya sanya shi inda ya dace, ba tare da mutum ya ɗaga yatsa ba.

To, 'ya'yana, inda gizo ke saƙar shi ne mabuɗin sirrin da kuke damƙa wa mataimakin ya shiga asusunku. Galibin kamfanonin nan kuɗi suke karɓa kan kowane hoto, kuma da dala. Mataimakin da aka sakar wa linzami yana iya ta maimaita buƙata kuna barci, gari ya waye asusu ya ƙone. Saboda haka ku ƙayyade abin da za a kashe, kada kuma ku rubuta mabuɗin cikin manhajar da za ku baje wa jama'a, domin akwai masu farautarsa.

Sannan ku duba kowane hoto da idonku. Injinan nan kan ɓata rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa, sai "ƙasa" ta koma "kasa", wanda ɗan aji uku ma ba za mu yafe masa ba.